Mu Koma Wurin Maginan Tukwane Tun Wutar Matoya Ba Ta Mutu Ba

Jama'a, ku shiga kasuwar garinku ranar da take ci, ku tambayi inda 'yan tukwane suke. Ba wanda zai nuna muku tsakiyar kasuwa. Za a ce ku wuce 'yan roba, ku wuce 'yan kwanuka, ku bi ta bayan 'yan itace har inda rumfuna suka ƙare. A can za ku tarar da wani dattijo ko wata tsohuwa a zaune cikin randuna da tuluna da kasake, ƙura ta lulluɓe rabinsu. Ku lura da kyau ko za ku ga saurayi ko budurwa a gefe suna koyon aikin. A wurare da dama ba za ku gani ba, kuma wannan ne ya hana ni yin shiru.

Ginin tukunya ilimi ne da ke zaune a tafin hannu. Ba a rubuce yake ba, ba a ajiye shi a akwati. Ranar da maginiya ta koma ga Mahaliccinta ba tare da ta koya wa kowa ba, duk abin da ta sani ya tafi tare da ita: ramin da ke da yumɓu mai kyau, yawan tsingaron da ake zubawa, irin iskar da ba a kunna wuta a cikinta. Yaro kuwa ba zai zauna koyon sana'ar da yake ganin ba ta ciyar da mahaifiyarsa ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Saboda haka rayuwar wannan sana'a da mutuwarta suna cikin aljihunmu ne, mu masu saye. Yabo a bakin taro ba ya sayen hatsi. Ciniki ake so.

Bari in tuna mana irin aikin da ke cikin randa guda, domin da yawanmu mun tashi mun gan ta a kusurwar ɗaki ne kawai. Sai an je bakin fadama ko wani tsohon rami an haƙo yumɓu, kuma ba kowace ƙasa ce ke ginuwa ba. Maginiya takan murza ta tsakanin yatsu ta gane wadda za ta riƙe da wadda za ta tsage. A ɗauko a ka ko a jaki, a shanya, a daka, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a jiƙa ya kwana. Sannan a dake tsingaro ya yi gari a zuba, wasu wuraren a haɗa da ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, a tattake da ƙafa har ya yi laushi ya kama jikinsa. Wannan haɗin ne ke sa tukunya ta jure wuta, don yumɓu zalla da ya ji zafi farat ɗaya sai ya tsage. A garuruwan Hausa da yawa akan kifa tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a bayanta a yi ta bugawa a hankali har gindin sabuwar ya fito. In ya ɗan sha iska a zare shi, a juyo, a ɗora masa kafaɗa da wuya da baki. Matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, nasu salon daban ne. Mace za ta ajiye curin yumɓu, ta buɗe cikinsa, ta riƙa jan shi sama da hannu tana zagaya shi a sunkuye, tana ƙara murzajjen yumɓu zobe bisa zobe. Babu na'ura, babu ma'auni, amma bakin ya fito a zagaye cif.

Daga nan sai shanya a inuwa, sai goga da dutse mai santsi, sai shafa jar ƙasa, sai zane da tsinke ko da tufkakkiyar igiya da ake mirginawa a jikin ɗanyen yumɓu. Ranar toyi kuwa ita ce ranar fargaba. A jera kayan a matoya, a lulluɓe da itace da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta yakan kai tsakanin 600 da 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma da ido kaɗai magini ke gane ta yi. Wasu sukan ciro tukunya tana jawur su yayyafa mata ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ta yi cuu, tururi ya tashi, jikinta ya yi duhu mai sheƙi, ƙofofinta su ɗan toshe. Kuma ba a taɓa buɗe matoya a tarar da komai lafiya lau ba. Akwai wadda za ta fashe, akwai wadda za ta tsage, aikin kwanaki ya tafi a banza.

Bayan duk wannan, sai mai saye ya zo da babbar riga, ya ƙwanƙwasa randa da ɗan yatsa, ya ji ta yi ƙara tangararau, ya tabbata ta toyu, sannan ya taya ta rabin kuɗin da aka faɗa masa. Mutumin nan a kanti ba ya neman ragin sisi a kan kwanon da aka shigo da shi daga Sin. Don Allah mu ji kunyar wannan ɗabi'a, mu bar ta.

Wani zai ce ai zamani ya wuce kayan ƙasa. To, mu duba randa. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yana tafiya da wani kaso na zafin da ke ciki. Shi ya sa za ka ga bayan randa da danshi, ka sa moɗa ka ɗebo ruwa mai sanyin da ba ya kama haƙori. Aikin ya fi kyau inda iska ke da zafi kuma a bushe, wato dai ƙasarmu a watannin bazara, daidai lokacin da wutar lantarki ke ƙaranci, ƙanƙara ke tsada. Iyayenmu mata har turara randa suke yi, ruwan ya yi ƙamshin da jarkar roba ba za ta taɓa bayarwa ba.

Wannan hikima ce wani ɗanmu ya ɗauka ya kai ta idon duniya. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoman ƙauye saboda zafi. Sai ya sa aka gina masa tukwane biyu, babba da ƙarama. Ya saka ƙaramar cikin babbar, ya cike tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ke nan aikin. Ruwan yashin yana bushewa ta jikin babbar tukunya, cikin ƙaramar yana sanyi. Gwajin da ya yi ya nuna yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 yana kai kwana 27, tumatir da barkono suna kai mako 3, alayyafo da ke yaushi a yini guda yana kai kwana 12. Ya ɗauki maginan ƙauye aiki suka gina dubbai ya rarraba a Jigawa. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a kan wannan aiki, mujallar Time ta Amurka kuma ta sa shi cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Dabarar ta tsallaka har Darfur a Sudan, mata suna adana kayan miya da ita. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa. Yanzu ku gaya mini, cikin matan da ke zubar da ruɓaɓɓen tumatir kowace safiya a unguwanninmu, mata nawa aka taɓa nuna wa wannan tukunya? Wannan abu namu ne, ɗanmu ne ya fito da shi, da yumɓun ƙasarmu da yashin rafinmu, amma mun bar shi a takardun baƙi.

Kuma ginin tukwane ba jiya aka fara shi ba. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka tono wani kai na gasasshen yumɓu. Daga baya aka yi ta samun irinsa a faɗin yankin, har aka gane akwai wata al'umma da ta zauna a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Masana na Jamus da na Ingila sun binciki abin da ya maƙale a jikin tsingaron tukwanensu, suka fitar da sakamako a 2021: sama da kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka samu ragowar maiƙo a jikinsu suna ɗauke da alamar kakin zuma. Wato shekara 3,500 da suka wuce, a ƙasar nan, akwai mai dafa zuma ko adana ta a tukunyar ƙasa. Wanda ya je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai ga tukwane daga kowane lungu na Najeriya a jere, kowace al'umma da irin hannunta. A ƙetaren iyaka ma haka: Mirriya kusa da Damagaram ta yi suna da tukwane, haka Bubon a bakin kogin Kwara kusa da Yamai.

Sai kuma Hajiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 tana gina tukunya. 'Yar ƙauyen Kwali ce a ƙasar Gbagyi, an haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta. Ba ta yi karatun boko ba. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga aikinta ya saya ya ajiye a fadarsa, kuma a nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya fara ganin tulunanta. Cardew ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Ladi kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya na'ura, ta yi faranti da kofi da butar shayi, amma ba ta saki ginin hannu na gidansu ba, ba ta kuma daina zana kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi a jikin tulu ba. Aka nuna aikinta a Landan a 1958, ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a suna kallo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta babbar lambar yabo ta masana a 1980. Ta rasu a Minna a 1984. Abin da nake so mu riƙe a tarihinta shi ne farkonsa. Kafin Bature, kafin Landan, wani babban mutum na gida ne ya ga aikin 'yar ƙauye ya sa kuɗinsa ya saya, ya ajiye inda baƙi za su gani. Da bai yi haka ba, da mai yiwuwa ba mu san sunanta ba. A yau akwai irin Ladi a Ushafa, akwai su a Tatiko, akwai su a ƙauyen da ke bayan garinku, suna jiran mai ido.

Ba na musun dalilin da ya sa aka juya baya. Samira ta zo da launi mai ɗaukar ido, tukunyar ƙarfe ta zo ba ta fashewa, roba ta zo da sauƙin kuɗi da rashin nauyi. Yarinyar da ke zuwa rijiya da nisa ta fi samun sauƙi da jarka, kuma ba mai hankalin da zai ce ta koma ɗaukar tulu. Kayan ƙasa suna da nauyi, suna fashewa, gaskiya ne. Amma mu faɗi ɗaya gaskiyar. Tukunyar da ta fashe takan koma gari a zuba a sabon yumɓu, ko ta zama kaskon shan ruwan kaji, ƙarshenta dai ƙasa ce ta koma ƙasa. Robar da ta fashe tana nan a kwata tana toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje. Muna zuba tuwo da zafinsa a leda, muna juye koko mai tururi a kofin roba muna ba yara. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen ƙarafa a Kamaru ya gano gubar dalma tana fita daga jikinsu ta shiga abinci, kuma irin waɗannan tukwane sun cika kasuwanninmu. Ba ina aibata maƙera ba ne, su ma neman halal suke, amma ya kamata uwa ta san abin da take ɗora wa iyalinta a murhu.

Tukunyar ƙasa tana ɗaukar zafi a hankali, tana kuma riƙe shi. Miyar taushe ko ta kuka da ta nuna a cikinta, wake da ya dahu luguf, farfesun da aka sauke yana ci gaba da ɓararraka a kasko har a kai shi gaban baƙo, duk wanda ya ci ya san bambancin. Ku tambayi tsofaffin masu waina abin da ya sa wasunsu har gobe ba sa rabuwa da tandar ƙasa. Dambu a madambaci, turaren wuta a kasko, garwashi a ɗakin mai jego lokacin hunturu, asusun da yaro ke tara kuɗin sallah: rayuwarmu gaba ɗaya ta ratsa ta hannun magina. Har ranar ƙarshe ma, a garuruwa da dama da tukwane ake rufe kabari kafin a tura ƙasa.

To, kira na farko gare ku ne, iyayenmu mata, masu haɗa kayan ɗaki. A hannunku ado yake canjawa. Ku ne kuka ɗaga samira har ta cika bango, ku ne kuka sauke ta kuka ɗaga tangaran da kuloli. In kun ga dama bana, sai randa mai zane da tukunyar miya mai murfi da jerin kasaken cin abinci su shiga kayan kowace amarya, kuma a ajiye su inda 'yan ganin ɗaki za su gani, ba a bayan ƙyaure ba. Amarya goma a unguwa suka yi haka, ta sha ɗaya da kanta za ta tambaya. Sabuwar tukunya ba ta da wuyar sha'ani: a jiƙa ta cikin ruwa, a fara ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan, kada a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, a wanke ta a kife ta bushe sosai. Randa kuma a rufe ta, a ware mata moɗa mai hannu wadda ba a shan ruwa da ita, a riƙa wanke ta a kai a kai, domin sanyin ruwa ba shi ne tsabtarsa ba.

Masu gidajen abinci da otal-otal, ku da ke rubuta abincin gargajiya a allon ƙofa, ku kawo shi a mazubin gargajiya. Ku je wurin magina ku ba da aikin kasko ɗari, faranti ɗari, ku biya rabin kuɗin tun kafin a fara. Irin wannan ciniki guda ɗaya yana iya sa magini ya kira ɗansa ya ce zo ka taya ni. A Indiya, ministan jiragen ƙasa ya ba da umarni a 2004 a riƙa sayar da shayi a tashoshi cikin kofunan ƙasa domin maginan ƙauye su sami aiki. Mu da teburin mai shayi yake a kowace kwana, me zai hana mu gwada?

Masu unguwanni, dagatai, hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, akwai abin da ku kaɗai ke iya yi. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye, kuma ramin yumɓu da matoya sukan faɗa cikin awon ba wanda ya tuna da su. Wata rana magina su wayi gari su tarar an kafa turaku a inda kakanninsu ke haƙa. Ku keɓe waɗannan wurare a rubuce, da hatimi, kamar yadda ake keɓe burtali da maƙabarta. Ku ba 'yan tukwane rumfa mai inuwa a cikin kasuwa, inda ƙafa ke bi.

Ɗalibanmu da ke karanta fasahar yumɓu a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantu, ku fita daga aji ku je ku durƙusa gaban tsofaffin nan. Suna da abin da ba ya cikin littattafanku, ku ma kuna da abin da zai amfane su: ginannen murhun toyi da ke rage cin itace da yawan fashewa, randa mai ƙaramin baki da famfo a gindi don hannu ya daina shiga ruwa, matacin ruwa na yumɓu da ake haɗawa da ɓuntun shinkafa ko garin katako, wanda aka daɗe ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Matasa masu talla a Facebook da TikTok da Instagram, kun sayar da atamfa da turare da takalmi har ƙasashen waje. Ku ɗauki hoton aikin maginiyar garinku, ku ambaci sunanta da izininta, ku koyi yadda ake naɗe kaya da ciyawa da kwali su isa lafiya, ku ba ta haƙƙinta cikakke. Masu shirya finafinan Hausa, ku daina ajiye tulu a gidan talaka kaɗai. Ku sa shi a falon Alhaji, mutane na kallo suna kwaikwayo.

Ku kuma iyayenmu magina, Baba da Inna, Allah ya saka muku da alheri bisa riƙon da kuka yi wa wannan sana'a a shekarun da ba mai waiwayarku. Muna roƙonku abu biyu. Ku saurari abin da gidajen yau ke bukata, faranti mai zama daram a kan tebur, kofi mai hannu, tukunya mai murfin da ya dace da bakinta, ƙaramar randa da za ta shiga ɗakin haya. Kuma kada ku ɓoye sirrin aikin. Duk yaron da ya nuna sha'awa ku jawo shi, ko ba jininku ba ne.

Akwai wani aiki da za mu iya farawa a wannan makon ba tare da jiran gwamnati ba. Da can, da wuya ka wuce ƙofar masallaci ko zauren mai hali ba ka ga randa a gindin bishiya an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi ba, matafiyi da almajiri da ɗan dako kowa ya sha ya yi addu'a. Shayar da ruwa sadaka ce mai girman lada, kowa ya sani. Limamai su yi maganar bayan sallah, kwamitin kowane masallaci ya tara kuɗin randa biyu, a sa wanda zai riƙa wankewa da cikawa kowace safiya. 'Yan kasuwa su yi haka a layinsu, direbobi a tasharsu, shugabannin makarantu a bakin azuzuwa. Ku tuna da rani ake gini, domin da ruwa ya sauka yumɓu ba ya bushewa, matoya ba ta kamawa. Ku aika wa magina tun yanzu, ku faɗi girman da kuke so, ku biya kuɗin da suka yanka, randunan su iso kafin zafin bazara ya kankama.